Sanyin Karima

A wajen wani suna a Kusada na ji mata suna cewa masai na gidanmu na Mawashi shi ke sa wa amare sanyi. Wai shi ya sa Karima, matar jikana Sagir, ta daɗe tana fama da farin ruwa mai wari da ciwon mara, ga ciki ya ƙi samuwa. Har an fara maganar ta koma gidansu jinya, irin komawar da ba a dawowa.

Ni a gidan nan na yi amarci. Lokacin akwai ƙatuwar tsamiya a tsakar gida, ƙarƙashinta muke daka muna waƙa, Inno mai nono ta shigo da ƙwaryarta tana yi mana tsiya. Dukanmu masai ɗin nan muka shiga, muka kuma cika gidan da 'ya'ya. Sai ƙawata Hawwa'u, Allah ya ji ƙanta, wadda ta sha sassaƙe har ta tsufa ba ta goya nata ba. Ita ma masai aka ce. Ni kuwa na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa, ban taɓa ba ɗaliba maki don ta faɗi abin da kowa ke faɗi ba.

Na je Mawashi. An sare tsamiyar, an yi shago a wurin. Na bi matan gidan ɗaki ɗaki ina tambaya, suna rufe fuska suna dariya. Babu mai ciwon sai Karima.

Ta fito mini da abin da ta gwada: bagaruwa, turaren tsuguno, ragowar ƙwayoyin kemis da take daina sha da ta ji sauƙi.

"Yana tafiya, Dada, sai ya dawo," in ji ta.

Na kai ta asibiti a Kankiya. Likitar ta duba ta, aka yi gwaji, ta ce ciwon ya hau har mahaifa. Ta hana ta cusa komai, ta ce ta shanye magani duka, kuma a kawo mijin.

"Wallahi gara in koma gidanmu da in faɗa mishi," in ji Karima.

Uwar Sagir ma ba za ta iya faɗa masa ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi. Amma kaka babu kunya tsakaninta da jika. Na same shi yana ɗaure buhunan gyaɗa.

"Maigidana, gobe za ka raka ni asibiti."

"Tsohuwa, ni na sake ki tun bara. Mi ya same ki kuma?"

"Ni lafiya lau. Kai za a duba."

Ya saki igiyar. "Dada, ciwon mata ne fa. Ni ba na jin komai."

"Haka likita ta ce za ka ce. Ka zaɓa: ko ka je, ko ka ɗauko mata akwatinta da hannunka."

Ya koma kan buhunansa, ni kuwa na ji tausayinsa. Washegari ya zo da hula a karkace, bai kalli kowa ba. Aka gwada shi, aka ba su magani tare, aka ce su nisanci juna har su gama. Karima ba ta koma gidansu ba, ruwan kuma ya ɗauke. Maganar haihuwa likita ta ce sai an sa ido, don ciwon ya daɗe.

Cutar tana jikin Sagir ba tare da alama ba. Duk sanda Karima ta samu sauƙi, shi ke maido mata da ita.