Kwalbar Abu Kusai

Kujerar farko da aka jefo majigi ta samu. Ta biyu ta samu Dakta Mu'utasim a kafaɗa, yana ƙoƙarin cusa kansa ƙarƙashin tebur da kwat ɗinsa ta Landan.

"Ina ɗan iskan da ya ce uwata mazinaciya ce?" Kusai ke nan, yayan ɗalibarmu Rahaf, hannunsa duk baƙin man gareji.

Dakta ya nuno ni. "Ita ke danna na'urar."

Bai yi ƙarya ba. Shara aka ɗauke ni yi a ɗakin kwamfutar wannan kwaleji ta garin Zarka, sauran a waya na koya. Digirin Dakta uku, amma kwamfuta na tsayawa sai ka ji, "Tasnim, 'yata, zo, abin nan ya yi fushi."

Dakta ne ya sa ɗalibai kawo yawunsu da na iyayensu a kwalba, aka aika aka karanto ƙwayoyin halitta, wai su koyi lissafin dangantaka da jinin gidansu. Na ce a sa lamba maimakon suna. Ya ce a Landan ma ba a koya masa aiki. Da safen nan ya haska sakamakon farko a bango: Rahaf da uwarta, jini ɗaya. Rahaf da ubanta, babu. Wata ta ɗauki hoto ta tura, aji ya watse.

Kusai ya shaƙe ni da mayafina, ya gwara kaina da allo har haƙorina ya motsa.

"Sunan kwarton!"

"Na'ura ba ta san shi ba, ɗan'uwa."

"To Mama ta san shi."

Ya wurgar da ni ya fita.

*

Ina tofar da jini ina sake duba sakamakon. Yawun da aka ce na uban Rahaf ne ya dace da wata ɗalibar, Lujain, tsaf. Na janyo takardar aikawa. Kwalba biyu, rubutun Dakta, suna ɗaya: Abu Kusai, wato baban Kusai, don a nan da sunan babban ɗa ake kiran uba. Ita ma Lujain babban wanta Kusai ne.

"Dakta, an musanya."

"Da so kike in rubuta sunan dattijo gatsau a kan yawu? Ina tarbiyya?" Ya kakkaɓe kwat. "Kada ki faɗa wa kowa sai na rubuta wa shugaba."

Na bugo sakamakon gaskiya, na tari tasi zuwa gidan su Rahaf.

*

Maƙwabta na tsaye a matakala, kowa da waya a hannu, ba mai shiga. Daga wani ɗaki a kulle Rahaf ke dukan ƙofa tana kiran Baba. Uwarsu, Ummu Kusai, na kwance a ƙasan kicin cikin watsattsiyar shinkafa, hannunta na dama ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Mijinta na riƙe da tiyon gas, Kusai ya tare ƙofa.

"Baffa, kuskure ne. Rahaf 'yarka ce. Ga shi."

Ya kalli takardar a juye. "Wa ya ce?"

"Na'urar."

"Ta safe fa?"

"Ita ce dai."

"Da safe ƙarya, da azahar gaskiya?" Ya leƙa matakala. "Waɗancan wacce suka gani?"

Na waiwaya. Ba wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoton takardata.

Ummu Kusai ta dafa bango ta miƙe, ido ɗaya a rufe. Ta dube ni, ta dubi leɓena da ya fashe.

"Baƙuwa a tsaye, ko shayi babu," ta ce.

Ta tara buta a famfo da hannun hagu.