Shingen Layin Manya

Duk Jimeta babu wanda ya kai Absalom sanin darajar layi. Kafin ka gama gaishe shi ya jefo maka tambaya: "Kana zama wane layi?" Amsar da ka bayar ita za ta nuna ko za a ba ka kujera ko a tsaye za ka gama maganarka.

A wurinsa layukan garin hawa-hawa ne. Na Jambutu na masu tsallen kwata ne, in damina ta sauka kuma sai an naɗe ƙafar wando. Na bayan kasuwa sun dace da wanda bai damu ya kwana da warin kifi da kukan janareto ba. Malkohi kuwa ba ya ma sa ta cikin zance, sai dai ya taɓe baki. Layi ɗaya ne tak ya amsa sunansa, wanda ake kira Layin Manya: ga kwalta, ga inuwar dogonyaro, ga katangu masu tsawo da karnuka masu ƙiba. A nan Absalom yake zaune. Abin da ba ya faɗa shi ne, ɗakunan baya na gidan wani tsohon darakta yake haya, inda a da direba da kuku ke kwana. Shi kansa ɗan ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikata, amma in ya ce "layinmu" sai ka rantse shi ya zuba kwaltar.

Shekarar da garuruwan arewacin jihar suka faɗa hannun 'yan bindiga, mutane suka yi ta kwararowa Yola da tabarmi a ka da yara a baya, da yawa suka sauka a sansanin Malkohi, tsoro ya shiga kowane gida. Manyan layin suka sa aka jera ganguna cike da yashi a bakin hanya, aka gicciya ƙarfe, aka ɗauki wani ƙato mai suna Boaz ya riƙa gadi da kulki. Babu mai lokacin kula da shingen, don haka Absalom ya naɗa kansa shugaba. Tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba.

"Boaz, ka ji ni da kyau," in ji shi. "Mai mota ba matsala, yana da abin da zai rasa. Amma wanda ya zo da ƙafa, da kaya, tambaye shi unguwa. In ya ce Malkohi ko irin su, kada ka ɓata bakin ka, ya koma."

"To, oga."

Ana cikin haka sa'a ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. 'Yarsa Queen, wadda ke aikin jinya, ta kawo wani saurayi, Othniel, ɗan gidan Ephraim, babban jami'in da ko a mafarki Absalom bai taɓa zama kujera ɗaya da shi ba. Mutanen wajen Michika ne, amma sun daɗe a gari. Queen son yaron take tsakani da Allah. Uban kuwa motocin gidansu yake so, da ranar da za su jeru a ƙofarsa maƙwabta na leƙe.

Aka sa Asabar don zuwa neman aure. Matarsa Edna ta dafa shinkafa da kaji har hayaƙi ya rufe mata ido. Absalom ya roƙi mai gida aka kafa rumfa a farfajiyar gaba. Yayan Edna, Kawu Gabriel, ya zo daga Jambutu da takalmansa masu laka, aka nuna masa kujera can baya kusa da famfo.

Motocin suka zo kamar yadda ya yi fata, Boaz ya ɗaga ƙarfe yana sara musu. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka zauna. Absalom ya gyara murya yana jiran a buɗe magana, sai Ephraim ya ce, "A ɗan yi haƙuri. Bappa Silas yana hanya. A gidan mu, in ba shi ya buɗe baki ba, ba a nemi aure ba. Kuma shi zai shigo da akuya da hannun sa."

"Ba damuwa, ranka ya daɗe," in ji Absalom, yana hango a ransa wata motar da ta fi waɗannan.

Ya cika shirun da abin da ya iya. Ya ba su labarin layin, gidan wane da gidan wane, da yadda shi da kansa ya tsara tsaro har ƙuda ba ya shigowa sai da izini. Baƙin suna gyaɗa kai suna duban hanya. Lemo ya huce, rana ta karkata. Othniel ya kasa zama, ya tashi ya nufi bakin layi. Da ya dawo, fuskarsa kaɗai ta isa ta tayar da kowa. Duk suka ɗunguma zuwa shingen, Absalom na binsu da 'yar sassarfa.

Ephraim ne ya yi tambayar. "Wani tsoho ya zo nan da akuya?"

"Ya zo, sa," in ji Boaz, ƙirji a gaba. "Keke napep ya sauke shi. Na ce unguwa, ya ce Malkohi. Na ce koma. Ya ƙi, wai ana jiran shi. Na sa shi ya durƙusa can a rana, na zazzage jakan shi, goro ne da gishiri. Da ya gaji ya ja akuyan shi ya tafi."

"Wa ya ce ka yi haka?"

Boaz ya nuna Absalom da kulki, yana murmushin mai jiran yabo. "Oga ne. Ya ce mutanen Malkohi kada na ɓata baki na."

Kunya ta kama Absalom, amma ko a lokacin ba tsohon yake tausayi ba, motocin yake kallo. Ya fara in'ina, yana cewa ai kuskure ne, ai da an gaya masa da ya aika a ɗauko shi, ai yanayin ƙasa ne.

Ephraim bai ɗaga murya ba. "Mutumin nan shi ya rene ni, ya sayar da shanun sa na yi makaranta. An ƙone gidan sa, ya bi ta duwatsu ya iso nan da ƙafa. Na roƙe shi ya zauna gida na, ya ce ba zai bar mutanen ƙauyen mu a sansani shi ya kwana a kan katifa ba. Masu bindiga ma ba su sa shi ya durƙusa ba."

Ya juya ya shiga mota. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, Boaz ya ɗaga ƙarfe ya sake sara musu.

Edna ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Queen ba ta yi kuka ba. Ta cire ɗaurin ashoben da ta ɓata safiya tana gyarawa, ta miƙa wa uwarta, ta sunkuya ta wuce ta ƙarƙashin ƙarfen, ta tsayar da keke. Kawu Gabriel ya bi ta ba tare da an kira shi ba.

"Ina za ki?" Absalom ya daka mata tsawa. "Yamma ya yi, wurin nan ba wurin zuwa ba ne!"

"Zan je na durƙusa masa, Baba," in ji ta. "In ya yafe, Kawu ne zai ba da aure na. Kai ka zauna ka yi gadin layin ka."