Kainuwar da Ta Rufe Lungunmu

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato na gama sakandare a Yelwa, na koma ƙauyenmu na bakin tafki, cikin ƙasar Ngaski. Ba aiki. Da safe in bi Baba kamun kifi, da yamma in zauna.

A damanar ne kainuwar ta zo. Ba irin wadda muka sani ba ce. Wannan ganyenta da kauri, furenta shunayya, kogi ne ya gangaro da ita daga sama. Ta maƙale a lungun da ake ɗaure jiragen ƙauyenmu, faɗinta bai fi tabarma ba. Mata har furen suke tsinka.

A lungun nan kowane masunci da turkensa. Turken da aka bari babu jirgi har kasuwa ta zagayo, ya zama na kowa. Namu kakana ne ya kafa shi, bayan ruwan dam ya ci tsohon gari. Jirginmu ɗaya ne, da shi muke ci.

Ban yi niyyar lura ba, zama ne ya yi yawa. Tabarma ɗaya ta zama biyu. Bayan kamar sati biyu, huɗu. Sai takwas. Ranar na tuna Malam James, malamin lissafinmu. Yakan rubuta biyu, ya ɗora mata ƙaramar lamba a kafaɗa, ya ce uwa ce da goyonta. Goyon shi ke faɗin sau nawa uwar ta ninku. In uwa iri ɗaya ce kuma ninkawa za ka yi, tara goyon. In rabawa ce, ɗebe. Mun haddace, mun rera, mun fita hutun tara. Ban taɓa ganin abin da idona ba sai yanzu, ga shi kwance a kan ruwa.

Da ta ci rabin lungu, Kawu Cindo, Sarkin Ruwa, ya kira gayya. Haka aka saba yi wa ciyawar ruwa: a bari ta taru, a fito rana guda da adda da lauje a sare, igiyar ruwa ta tafi da ita. Aka fito da kalangu. Inna da sauran mata suka dama fura. Har la'asar ana sara, aka buɗe rabin wurin da ta rufe. Guntayen kuwa suna ta yawo a kan ruwa, kowanne da saiwarsa.

Kawu Cindo ya ga fuskata. Ya tambaya ko a boko an hana mutum murna ne. Na ce masa abin da muka yi rabawa biyu ce kawai. In sau tara ta ninku ta kawo nan, mun mayar da ita takwas. Ɗaya muka ɗebe. Sati biyu ta mayar da abinta.

"To, ɗan sakandare, mi za mu yi mata? Mu ba ta alli?"

Aka yi dariya. Wani ya ce ai lissafin ma shi ya kayar da ni a jarrabawa. Gaskiya ne.

A hanyar gida na faɗa wa Baba. Ninki ɗaya ta koma rabi, wani ɗayan ta rufe lungun. Ɗaya da ɗaya biyu, wata guda ke nan. In jirgi yana ciki, ya zauna. Ya ce turken ubansa bai taɓa kwana babu jirgi ba.

Ta koma rabi tun kafin lokacin da na faɗa, don guntayen sun kama. Aka sake kiran gayya, amma gero ya isa girbi, mutane kaɗan suka zo. Komar Baba ta riƙa dawowa da ganye fiye da kifi. Hanyar fita ta tsuke, filafili ba ya shiga, sai gora.

Wata safiya Baba ya tsaya bakin lungun yana kallo. Ya sunkuya ya kwance igiyar jirgi, ya miƙo mini.

"Kai shi gaɓar duwatsu, Sahabi."

"Baba, turken fa? Wani zai ɗauka."

"Wa? Ita ta riga kowa."

Na shiga na tura. Saiwoyi suna gogar ƙasan jirgi, suna riƙe gora. Sai da kafaɗuna suka mutu kafin na fita sarari. Na waiwaya. Baba na zaune kusa da turken, ya ƙanƙance, kore ta kewaye shi. Ban ji komai ba, ko daɗin cewa maganata ta fito.

Kusa da duwatsu na ga kainuwa guda ɗaya maƙale a gindin jirgi, ƙarama, ko fure ba ta yi ba. Malam James ya taɓa ce mana uwa mai goyon sifili ba sifili ba ce, ɗaya ce. A aji mun yi ta musu da shi har aka kaɗa ƙararrawa.

Na ciro ta. Na ɗora ta a kan katakon zama, inda rana za ta busar da ita, na ci gaba da tuƙi.