Ƙarfen da Ke Gaban Hoton Baba

Su biyu ne suka rage, Fumie da 'yarta Chizuru mai shekara tara. Suna da ɗaki a bene na uku a garin Matsumoto, da wata farar mota mai gado da kicin a cikinta, wadda mai gidan, Tatsuo, ya yi shekara huɗu yana haɗawa da hannunsa a ranakun hutu. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Tatsuo ne babu. Zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki, sanyin bara.

Ranar Asabar da hantsi suka isa wani zangon masu yawon shaƙatawa a gindin dutse, inda suke zuwa tun yana raye. Chizuru na jan tiyo zuwa famfon zangon sai injin ruwan motar ya yi ƙara. Drrr. Daƙiƙa biyu, ya yi shiru. Babu kuwa wanda ya buɗe famfo a ciki.

"Mama, ya iso," in ji Chizuru, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ji," in ji Fumie, ba ta ɗago daga shinkafar da take wankewa ba.

Wata huɗu ke nan injin yake haka, tun zuwansu na farko zangon bayan rasuwar. Duk bayan ɗan lokaci sai ya tashi shi kaɗai, kamar wani ya tsiyayi ruwa rabin kofi. Chizuru ce ta fara cewa Baba ne. Ai kullum da safe suna ajiye masa ruwa a ɗan kofi gaban hotonsa, a kan kantar da ke saman gadon motar, kuma Baba mutum ne mai yawan ƙishi. Kusa da kofin akwai turare, da wani ƙarfen tagulla da bai fi dunƙulen hannu ba, mai ɗan agogo da allura a jikinsa. A aljihun rigar zangonsa aka same shi. Fumie ta goge shi, ta ajiye gaban hoton.

Tsoho Horikoshi, mai kula da zangon, ya taho yana jan ƙafa, da tawul a wuya.

"A'a, matata ce ta girma haka? Kin ƙi ni shi ya sa kika daina zuwa?"

"Kaka, ba ka da haƙora."

"Ina da su mana, suna gida cikin kofi." Ya yi dariya, sai idonsa ya sauka a kan tiyon. "Tsaya, 'yar nan. Haka za ki ɗaura shi tsirara? Ina ƙarfen da babanki yake sa wa a baki?"

"Wane ƙarfe?"

"Na tagulla, mai agogo. Ruwana daga kan dutse yake gangarowa, ƙarfinsa kan kai bakwai. Bututun motarku na roba ne, uku yake so. Ƙarfen nan ne ke tausasa shi kafin ya shiga."

Drrr, in ji injin.

Murmushin tsohon ya ɗauke. Ya karkata kai, ya jira. Kafin ya gama share zufa, injin ya sake tashi.

"Maman Chizuru," ya ce, "tun yaushe?"

"Ya ɗan jima."

"Baba ne yake shan ruwa," in ji Chizuru.

Horikoshi ya dube ta, ya dubi uwar. Bai yi dariya ba. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya shiga, ya sunkuya wa hoton, sannan ya ce, "A ba ni izini in ɗaga gadon."

Fumie ta kauce.

Da katakon ya ɗagu, warin danshi ya bugi hancin Chizuru. Ƙarƙashin gadon ya yi baƙi. A mahaɗin bututu biyu, ɗigo yana taruwa a hankali, ya kumbura, ya faɗi. A jikin katakon akwai rubutun babanta da fensir: Kada ya wuce uku. A ƙarƙashin mahaɗin kuwa, an shimfiɗa tawul mai hoton zomo, an ninke shi huɗu tsaf. Tawul ɗinta ne, wanda ta gani a kan igiyar shanya shekaranjiya.

"Ranar da kuka ɗaura tiyo babu ƙarfen nan ne mahaɗin ya tsage," in ji tsohon a hankali. "Ruwa na zurarewa, injin ya ji ƙarfi ya ragu, sai ya tashi ya cika. Shi ke nan." Ya danna daɓen da babban yatsa, katakon ya lotsa. "Yau gyaran minti ashirin ne. In aka bari sanyi ya shigo a haka, daɓen nan ya tafi, motar ta bi shi."

"In ka gyara zai daina ƙara?" in ji Chizuru.

"Zai daina."

"To kada ka gyara."

"Chizuru," in ji uwar.

"Kada ya gyara, Mama! Ta ina zai riƙa zuwa?"

A waje ƙwarin bazara suna ta kuka a kan itatuwa. Fumie ta tsuguna, ta shafa rubutun fensir ɗin da yatsa, ta shafa katakon da ya jiƙe.

"Sau uku babanki ya sake yanka wannan," ta ce. "Yana ta zagin zarto, wai zarton ne karkatacce." Ta yi 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Sannan ta miƙe, ta haɗa hannuwa gaban hoton, ta ɗauko ƙarfen tagullar ta miƙa wa 'yarta. "Riƙe. Ba wurin zamansa ke nan ba. Ni ce na hana shi aikinsa."

Horikoshi ya ɗauko kayan aikinsa, ya yanke inda ya tsage, ya sa sabon mahaɗi. Ya kai Chizuru bakin famfo, ya nuna mata yadda ake murɗa ƙarfen a bakinsa kafin a ɗaura tiyo.

"A hankali, matata. Buɗe."

Ta buɗe. Allurar ta yi rawa, ta hau, ta tsaya cak a kan uku.

Da tsohon ya tafi, suka bar gadon a ɗage don iska ta shiga. Suka cire tiyon, suka kunna injin don gwaji, suka zauna a bakin ƙofa suna cin curin shinkafa. Minti biyar, minti goma. Motar ta yi tsit. Chizuru ta ga uwarta ta daina tauna, ta karkatar da kunne wajen gadon, curin yana hannunta.

Chizuru ta dubi tawul mai zomo da ke bushewa a kan dutse. Nan ta gane cewa Mama ce take shimfiɗa tawul a wurin, tun ranar farko ta san ba Baba ba ne, kuma duk da haka ita ma jiran ƙarar take yi.