Bashin Ishiyaku ɗan Alu

Shekarar da dagacin Rurum ya ce sai gidan Bappa Alu ya ba da yaro makarantar boko, Bappa ya ɓoye ɗansa Ishiyaku a rumbu, ya tura Gwadabe, marayan da wansa ya bar masa. Aka rubuta shi Ishiyaku ɗan Alu. A wancan zamani wannan ba abin kunya ba ne, dabara ake ce mata.

Gwadabe ya yi karatu har kwalejin malamai, bisa lamunin fam goma sha takwas, da sharaɗin zai koyar shekara biyar a yafe masa. Shekara biyu kacal ya yi a Kibiya, ciwon ido ya rufe masa gani. Tun daga nan sule talatin hukuma ke ba shi na tallafi duk wata a Rano. Da kuɗin ne matarsa Luba ke auno dawa, a ci, a gode wa Allah.

Bayan samun 'yancin kai, wani sabon akawu a birni mai neman suna ya tono tsofaffin takardu, ya ci karo da bashin kwalejin. Sai ga masinja da kekensa yana cigiyar Ishiyaku ɗan Alu. Mutanen gari, da ba su san Malam Gwadabe da wani suna ba, suka nuna masa Ishiyaku na gaskiya, yana ɗure gyaɗarsa a buhu. Masinja ya ce ko kuɗi ko gyaɗa, gobe a zauren dagaci.

Da la'asar Bappa ya iso gidan Gwadabe, karo na farko cikin shekara huɗu. Ya tsawaita gaisuwa har Luba ta ƙosa.

"Gwadabe, gyaɗar nan ita ce shekararmu," in ji shi. "Yaron nan ko baƙi bai sani ba."

Da ya fita, Luba ta ce, "Malam, ka ja bakinka ka yi shiru. Masu bashi ba su san kai ne mai karɓar sule talatin ba. Suna ganewa za su zaftare. Su Bappa ne suka haƙa ramin, su faɗa abinsu."

Gwadabe ya san gaskiya ta faɗa, kuma tsoro ya kama shi ƙwarai. Makaho ba ya noma, ba ya riƙe alli. Amma kuma shi ya ci tuwon kwalejin, shi ya sa farin wando.

Washegari Luba ta ja shi zaure tana guna-guni. Masinja ya buɗe takarda.

"Wane ne Ishiyaku ɗan Alu, wanda ya yi kwaleji?"

Gwadabe yana jin numfashin Bappa a gefensa, yana fita da ƙyar kamar na mai hawan dutse.

"Ni ne," in ji Gwadabe.

Masinja ya nemi shaida. Gwadabe ya zaro katin karɓar kuɗinsa, domin ba shi da wata takarda mai wannan suna. Nan take aka rubuta: za a riƙa cire rabin sule talatin ɗin, shekara biyu cur.

A bakin ƙofa Bappa ya kama hannunsa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Tun yana ɗan shekara bakwai yake jiran wannan kalma. Ya so ya ji daɗinta, ya kasa, don Luba na bayansa tana kuka a hankali, tana tambayar da me za su kai damina.