Jirgin Ƙarshe na Mu'azu

Safara'u ta rungume kwalin a cinyarta, tana ta roƙon mai keke ya bi ramukan Kwamba a hankali. Ranar ce fitarta ta farko tun da ta gama takaba. A cikin kwalin akwai ɗan jirgin yaƙi na roba, irin na zamanin yaƙin Hitila. Mijinta Mu'azu ya haɗa shi da gam, fiffike da farfela, amma bai kai ga fenti ba ciwon ya kwantar da shi. Sauran jiragensa na jere a kan kantar falo, wannan kaɗai ne tsirara. So take ya shiga cikin 'yan'uwansa.

A Madalla ta sauka, garejin Bamidele mai fentin mota, abokin marigayin.

"Maman Umaima, wannan ai ƙaramin aiki ne. Zauna ki sha ruwa."

Ya fesa masa kore da ruwan toka kamar yadda hoton kwalin ya nuna, ya shanya. Bayan la'asar ya kawo mata a tafin hannu, yana ƙyalli.

"Kin gani? Kamar yanzu aka sauke shi daga kamfani!"

Ta juya shi, ta sake juyawa. Ya yi kyau, amma ba na Mu'azu ba ne. Shi in ya gama fenti sai ya shigo kicin ya kankari baƙin gindin tukunya, ya ɓata jirgin da shi. Ta sha yi masa tsiya, ta ce wa ya taɓa ganin mutum ya yi wanka ya koma cikin toka. Yakan ce jirgin da ya je yaƙi ba ya dawowa da tsabtar ango.

Ta miƙe, ta nufi wata tsohuwar bas da ke gefe, ta zura yatsa a bakin salansa, bututun hayaƙin motar.

"Ah ah! Maman Umaima, me za ki yi?"

Ta ja baƙin a jikin jirgin daga inda hayaƙin injinsa ke fita, ta bi da shi baya, siriri, yadda iska za ta kai shi. Ta karɓi allura a wurin wani mai ɗinkin kujerun mota, ta ɗan kankare gindin fiffike, inda matuƙi ke takawa ya hau.

Bamidele ya ɗora hannu a ka. "Wallahi kin ɓata min aiki. Ke da Oga Mu'azu duk ciwonku ɗaya!"

Dariya ta kuɓuce mata, har da hawaye. Ta goge fuska, ta bar baƙi a kumatu.

Har ta rufe kwalin ta kai bakin titi, sai ta juyo wajen Bamidele.

"Baban Esther, wai a Abuja, wane shago marigayi yake sayo jiragen nan?"