Ƙwallon Mangwaron Barau

Rowa ciwo ce, kuma mai ita take fara ci. Wanda ke musu ya ji abin da ya sami Barau.

Shekarar da aka ce wa wani ƙauye na ƙasar Maradun ya shirya tashi, don ruwan madatsar Bakolori zai cinye shi, akwai malamin firamare a garin, Malam Damiyan. Mutumin kudancin Zariya ne, ɗan Katolika, a makarantar Fada, wato ta limaman coci, ya yi karatu, a can kuma ya fara koyarwa. Da farko iyaye sun yi ɗari-ɗari da shi. Da suka ga shi ke kora yara salla in azahar ta yi, sai suka saki jiki.

Abu guda ya tsaya wa malamin nan a rai: gida ana sake gina shi, amma icce ba a aza shi a jaki. Sai ya sa yara suka tara gwangwanaye, kowa ya kawo iri daga iccen gidansu, tsamiya, ɗorawa, kanya, mangwaro. Ya kafa doka irin wadda aka rene shi da ita: ba mai ba nasa ruwa. Na maƙwabcinka za ka shayar, wani ya shayar da naka. Yara suka yi gunaguni har suka gaji. Kafin wata guda, in zazzaɓi ya kayar da ɗaya, sai ka ga uku na gardamar wanda zai karɓi aikinsa.

Gwangwani ɗaya ne ya zauna wayam, na Turai ɗiyar Barau.

Barau na da mangwaron da ya gada wurin ubansa, ba zare, ga zaƙi kamar zuma. Daga Bakura da Mafara ake zuwa shan shi. Amma ba a tafiya da shi gida. A gindin iccen za ka sha, ka jefa ƙwallon a kwandonsa, da yamma ya ƙone. Shi kansa bai taɓa shuka ko ɗaya ba, don kada a tone.

Sau biyu Malam Damiyan na zuwa. Ya gaishe shi da gida, da iyali, da gajiya, da zafin rana, sannan ya roƙi ƙwallo ko biyar. Ya ce waɗannan ne 'ya'yan ƙarshe da iccen zai yi.

Barau ya ce, "Malam, boko munka ba ka ɗiyanmu ka koya musu, ba rabon gado ba. In kowane gida ya samu irinai, ni mi ya rage mani?"

Ya nuna masa ƙwallo arba'in da ya shanya a kan rufi. Ya ce tukunya zai zuba su, sai an koma sabon gari damina ta zauna ya shuka abinsa. Malamin ya ce ƙwallon mangwaro ba gero ba ne, in ya bushe ya mutu, ko ba zai bayar ba ya sa su a ƙasa yanzu. Barau ya yi dariya, ya ce ya san dabara in ya ji ta. Malam Damiyan ya koma gida yana magana shi kaɗai. Mai barci ake tadawa, ba mai idonsa biyu ba.

Ran nan da safe Turai ta kwance bakin zanenta, ta miƙa masa ɗanyen ƙwallo. Ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu. Ga gwangwani, ga ƙasa, ga ruwa. Ya tambaye ta ko babanta ne ya ba ta. Ta sunkuyar da kai. Yara talatin na kallonsa, yaran da ya shekara yana gaya wa cewa abin da ba a ba ka ba, ba naka ba ne, ko da a hanya ka tsince shi. Takaici ya kama shi.

Ya ce, "Tashi mu tafi, Turai. Roƙo za mu yi."

Barau ya karɓi ƙwallon, ya jefa cikin tukunya, ya ce sun zama arba'in da ɗaya. Ya kuma ce daga yau ɗiyarsa ta bar makarantar da ake koyon ɗauke-ɗauke. Malamin ya koma makaranta shi kaɗai.

Aka tashi. Yara suka ɗauki gwangwanaye a ka zuwa sabon gari, tudu mai tsakuwa, rijiya da nisa. Suka dasa, suka kewaye da ƙaya, suna shayarwa bi da bi. Da damina ta zauna Barau ya shuka nasa, ya yi ta ɗibar ruwa har kafaɗa ta yi kanta. Shiru. Da ya tone ɗaya, ya tarar da baƙin gari a ciki. Ya shiga kwalekwale ya koma tsohon gari. Ruwa ya kai wa iccen wuya, ganye ya zube.

Da labari ya kai wa Malam Damiyan, ranar ya kasa cin tuwo. Washegari 'yan ajin Turai, ba wanda ya aike su, suka kai dashen mangwaron gidan Audu ɗan ajinsu, mangwaro mai zaren nan da ko awaki ke yi wa yanga, suka dasa a ƙofar Barau. Suka ce na maƙwabci ake shayarwa.

To, ga abin da rowa ta ci wa Barau: iccen ubansa guda, wanda babu irinsa ko'ina yanzu. Ƙwallo arba'in da ɗaya, har da ɗanyen da aka kawo masa har gida. Karatun ɗiyarsa na shekara guda. Da baƙin Bakura da Mafara, waɗanda ba su sake tambayar gidansa ba.